Mai Ganye a Gindin Dutse

A kasuwar Potosi, bayan layin masu dankali,
inda rana ke ƙona goshi, inuwa na daskarar da ƙafa,
nan nake shimfiɗa bargona.
Nicasia Huanca, in kana tambaya.
Shekara talatin da ɗaya ban sauya wuri ba.

Wannan mai furfurar wira-wira ce,
taɓa ka ji, laushinta kamar kunnen ɗan rago.
A tafasa da madara, a ɗiga zuma,
tarin sanyi kwana uku ya tattara kayansa.
Ga munya, ƙamshinta na riga ta shiga gida.
Cacakoma kuwa ɗaci gare ta, ba ta jin lallashi,
sai an hau har inda ciyawa ta gaji da hawa
kafin a same ta, maƙale a tsagar dutse.
Ganyen turare daga kwari yake zuwa a bayan mota,
shi ne mai araha,
na sirace, na daren da ƙirji ke busa usur.

Masu mura, masu jariri da majina ta toshe,
ina ba su, ina karɓar kuɗina, ina barci lafiya.

Amma akwai wani tarin.

Evaristo ya shiga ramin azurfa yana ɗan sha biyar.
Shekara ashirin yana cin dutse,
ashe dutsen ma yana cinsa.
Likita ya ɗaga hoton ƙirjin a jikin taga:
kamar an watsa gari a kan baƙin zane.
Ya fara neman kalmar da zai faɗa mini,
na ce masa ya bari, kunnena ya riga idonsa sani.

Damina biyu ina dafa ganye.
In lulluɓe shi da bargo, shi da tukunya,
in zauna a waje ina ƙirga.
Tari sha ɗaya. Shiru. Tari huɗu.
Wani daren shirun ya kai har asuba,
sai na rasa wa zan gode wa,
Allah, ko wira-wira, ko gajiya.
Ya farka ya nemi gasasshiyar masara,
ya ci rabi, har ya tsokane ni a kan gishiri.
Wannan safiyar ganye ne ya sayo mana ita.
Fiye da haka bai iya ba, ban kuma riƙe shi a rai ba.

Ɗazu wani yaro ya tsaya,
hular ƙarfe a hammata, ƙura har cikin gira,
gemunsa bai gama shawarar fitowa ba.
Wai kawunsa ne ke tari.
Na ce to. Na fara ɗauri.
Da ya juya zai lalubo kuɗi
sai kawun ya yi magana daga cikin ƙirjinsa,
busasshe, gajere, sau biyu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Na tambayi sunansa. Fermin.
Na ce, Fermin, gaya wa kawunka,
wannan na barci ne, wannan na buɗe hanya,
wannan mai ɗacin na safe kafin ya ci komai.
Babu wanda ke fitar da dutse a cikinsu.
Ka ce masa a kwari ana neman masu roron wake,
kuɗin kaɗan ne, amma iskar kyauta ce.

Ya yi dariya irin ta mai ƙanne huɗu a gida.
Ya ajiye sulallansa, na tura masa rabi,
na cusa ƙarin munya ba tare da ya gani ba.

Na bi hularsa da ido har kwanar masu gawayi.
Sama da rufin gari, jan dutsen na tsaye,
bai taɓa yin tari ba ko sau ɗaya.

Matso, baiwar Allah. Yaron naki kwana nawa ke nan?